Takardar da Baba Ya Ninke

Ni dai tun ina ƙarama an san ni da karance-karance. Ko ƙosai aka ƙunso a tsohuwar jarida, sai na karanta jaridar kafin in ci ƙosan. Yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina aikin nas a Ingila, kuma har tsokanata abokan aiki suke yi, wai ba na ba mara lafiya ƙwayar ciwon kai sai na karance kwalin gaba da baya. Wasiƙar council, wato ƙaramar hukuma, takardar makarantar yara, har 'yan takardun talla da ake cusowa ta ƙofa, babu wadda take wuce ni. Takarda ɗaya tak na taɓa sa wa hannu ban karanta ba, kuma har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Baba ne ya kawo mini ita. Ba shi ya haife ni ba. Aminin mahaifina ne tun suna makarantar kwana. Shi ya taho Ingila karatun injiniya ya zauna, mahaifina ya tsaya a Kano yana koyarwa. Da na sami gurbin karatu a Birmingham, mahaifina ya buga masa waya ya ce, ga 'yarka nan tafe. Iyakar abin da ya ce ke nan. Baba ya zo filin jirgi da kansa, riƙe da wata jibgegiyar kwat ta matarsa Hajiya, ya ce in saka tun kafin mu fita waje. Shekara uku na yi a gidansu a Aston, a ɗan ɗakin da ke saman kicin, kuma ko sau ɗaya ban ji an kira ni baƙuwa ba. Da mahaifina ya rasu ina shekarar ƙarshe, Baba ne ya zo har jami'a ya fito da ni daga aji, bai gaya mini komai ba sai da ya zaunar da ni kusa da Hajiya. Da aurena ya tashi, shi ya ba da ni. Tun daga rasuwar nan ban ƙara ɗaukarsa aminin uba ba. Uba na ɗauke shi, kuma duk wanda ya san ni ya san haka.

'Ya'yansa biyu, duk a Birmingham aka haife su, Hausarsu ta tsaya a "ina kwana" da "na ƙoshi". Babbar mace ce, likitar haƙori, mai baki kamar reza. Ƙaramin namiji, Auta muke ce masa. Yana ɗan shekara goma na zo gidan, ni na koya masa lissafin sau, ni nake ɓoye masa laifi in ya fasa abu. Ya girma ya zama dillalin gidaje, mai son kwat da ɗaukar hoto. Da aiki ya kawo ni Manchester muka zauna a Levenshulme, sai ga su dukansu biyu sun biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Likitar ma layi uku ne tsakanin gidanta da nawa.

A 'yan shekarun nan ƙasar ta sauya mana fuska, ba sai an gaya mana ba. Aikina bin marasa lafiya ne gida-gida, in wanke ciwo, in yi allura, don haka ina shiga falon mutane ina jin abin da talabijin ɗinsu yake faɗa. Wata jam'iyya da a da ake yi wa dariya ta zama ita ce a bakin kowa. Ba zan kira sunanta ba. Maganarta dai guda ce: baƙi sun yi yawa, su suka cinye gidaje, su suka hana mutum ganin likita, a rufe ƙofa, waɗanda suka shigo ma a sake duba takardunsu. Tutocin ƙasar suka fara bayyana a jikin fitilun titi a unguwannin da nake zuwa. Akwai wani tsoho da na yi wata shida ina wanke masa gyambon ƙafa. Rannan ina durƙushe a gabansa da auduga a hannu ya ce mini shi kam wannan karon su zai zaɓa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba irinku nake nufi ba, love." Na ce masa ya ɗaga ƙafar. Me zan ce?

Ni da maigidana muna da fasfon ƙasar, tsoronmu na zuci ne kawai. Mai tsoro na gaske ita ce maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu. Mutuniyar Jos ce, Kirista, tana aiki a gidan kula da tsofaffi da bizar aiki, tana ƙirga watannin da suka rage mata ta sami zama na dindindin. Ranar da ta tare a layinmu ta ji ina yi wa yara faɗa da Hausa ta taga, ta ajiye akwati a titi ta zo ta buga mini ƙofa. Tun daga nan muka ƙulle. Ita take kawo mini gwate, ni in kai mata masa. In tana aikin safe ni nake kai 'yan biyunta makaranta. Duk lokacin da shugabannin jam'iyyar nan suka yi magana a kan masu biza irin tata, sai ta shigo kicin ɗina ta zauna ta yi tagumi, ni kuma in yi ta zaginsu har ta yi dariya.

Wata Asabar, kamar mako biyu bayan ƙaramar Sallah, da hantsi, waya ta yi ƙara. Baba ne, wai ga shi a tashar jirgin ƙasa ta Manchester. Tsohon da ya doshi tamanin, da sanda, shi kaɗai! Na tura maigidana ya ɗauko shi, ni kuma na faɗa kicin kamar mahaukaciya. Tuwon shinkafa na tuƙa da miyar kuka, don na san ita yake so, da man shanu a kai. Ya ci ya yi santi, ya shi mini albarka, ya kira yara ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su karatu. Farin ciki ya cika ni. Baba bai taɓa zuwa gidana ba sai da dalilin suna ko rashin lafiya, yau ga shi ya zo haka kawai.

Bayan ya yi sallar azahar ya zauna a kujerar falo, ni na zauna a ƙasa kan kafet kamar yadda na saba a gabansa. Ya zaro ambulan daga aljihun babbar rigarsa.

"Ƙaninki zai tsaya takarar kansila," in ji shi. "A nan unguwarku. To dokarsu ta ce sai mutum biyu 'yan unguwa, masu rajistar zaɓe, sun sa hannu a form ɗin kafin a karɓa. Na ce masa kada ya wahalar da kansa, yana da yaya a Levenshulme."

Saura kaɗan in yi guɗa. Autanmu kansila! Na ce Allah ya ba da sa'a, Allah ya sa daga nan sai majalisa. Ban tambayi jam'iyya ba. Duk zaman da na yi a gidan Baba jam'iyya ɗaya ake zaɓa, hotonta ake liƙawa a taga duk lokacin zaɓe, shi da kansa ya kai ni na yi rajista ya nuna mini inda ake dangwalawa. In tambaye shi wace jam'iyya, kamar in tambaye shi wace alƙibla yake kallo ne.

Ya ɗora takardar a kan ɗan teburin shayi. A ninke take, saman an lanƙwasa shi baya, abin da ake gani layuka biyu ne kawai na sa hannu. Babban yatsansa yana kan ninkin. Na ga har an riga an rubuta sunana da lambar rajistata da fensir, na maigidana a ƙasa.

Ba zan yi ƙarya ba, na ga ninkin. Idona ya tsaya a kansa, hannuna ya yi ƙaiƙayi. Amma a gidan da na tashi, babba ba ya miƙo maka abu ka juya shi ka duba. In ya ba ka saƙo a rufe, a rufe za ka kai. In ka buɗe takarda a hannun uba don ka ga abin da ke ciki, ka ce masa ba ka yarda da shi ba ke nan, ko ba ka furta ba. Ga tsoho ya taso tun daga Birmingham da sanda, ga tuwona a cikinsa, ga albarkar da ya gama shi mini, sannan in ce, Baba ɗaga yatsanka in gani? Kunya ta rufe ni tun kafin tunanin ya gama zuwa. Na karɓi biro da hannu biyu na sa hannu.

Maigidana malamin lissafi ne a sakandare, mutumin da yake sa ɗalibai su nuna yadda suka kai ga amsa. Shi ma ya sunkuya ya sa nasa. Daga baya na tambaye shi don me bai duba ba, ya ce, "Na ga ke kin sa. Wa ya isa ya karanta abin da kika riga kika wuce?" Ashe shi da ni ya dogara, ni kuma da Baba.

Baba ya mayar da takardar aljihu, ya sha shayi, kafin la'asar ya ce zai koma. Na cika masa leda da dambun nama ya kai wa Hajiya. A bakin ƙofa ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Mahaifinki ya bar baya mai kyau." Har hawaye na yi.

Kwana goma bayan haka, da yamma, na dawo daga aiki ko takalmi ban cire ba, Maman 'Yan Biyu ta shigo. Ita da take shigowa tana kiran "Anti, me aka dafa?" tun daga ƙofa, yau sallama ma da ƙyar. Tana sanye da rigar aikinta. Na ce ta zauna, ta ce a'a. Ta miƙo mini wayarta.

"Anti, ki ce mini ba sunanki ba ne wannan."

Takardar council ce, jerin 'yan takarar unguwarmu, wadda ake bugawa kowa ya gani. Ni ban ma san ana buga sunayen masu sa hannu ba. Ga sunan Auta. Kusa da shi ga sunan jam'iyyar nan, wadda nake zagi a kicin. A layin gaba, inda aka rubuta wanda ya gabatar da ɗan takara, ga sunana cikakke, har da na mahaifina. A ƙasa na maigidana. Wani ya zagaye su da jan layi.

"A group ɗin church ɗinmu aka turo," in ji ta. "Tun safe ake magana. Na ce musu ƙarya ne, photoshop ne, na san matar nan, ita take kai mini yara school. Sai wata ta ce in shiga website ɗin council in gani da idona. Na shiga, Anti."

Na ce mata wallahi ban sani ba. Na ce babana ne ya kawo, ban karanta ba.

Ta dube ni. "Ke? Ke ce ba ki karanta ba? Ke da kika karanta mini contract ɗina layi-layi har kika gano inda suka yi kuskure?"

Gaskiyar da nake da ita ta fi ƙarya kama da ƙarya.

"Saura mini shekara ɗaya da 'yan watanni," ta ce. "Kin san haka. In mutanen nan suka sami yadda suke so, ni da yaran nan sai Jos. Ba na cewa ke kika kore ni. Amma in Bature ya yi, na san Bature ne. Ke fa?"

Ta juya ta fita. Washegari da safe na je ɗaukar 'yan biyu, ta leƙo ta ce ba komai, ta sami mai kai su.

Na buga wa ofishin zaɓe na council waya. Wata mata mai ladabi ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ta yi nadama, amma da zarar an shigar da takarda ba a janye sa hannu. Ta ce in kwantar da hankalina, sa hannu ba ya nufin ina goyon bayan mutum, yana nufin na yarda ya tsaya ne kawai. Na ce mata ta zo ta yi wa layinmu wannan bayanin. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Makon nan na sha kallo. Mai shagon nama a Stockport Road, wanda yake ƙara mini ƙashi kyauta, ya auna mini nama daidai wa daida ya miƙo ba tare da ya ɗago kai ba. A islamiyyar yara wata ta ce a bayana, da ƙarfi yadda zan ji, wai wasu in sun sami jan fasfon Ingila sai su manta da jirgin da ya kawo su. 'Yata babba ta dawo daga makaranta ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa. Abin da ya fi ƙona mini rai, wani maƙwabcinmu Bature da bai taɓa amsa gaisuwata ba, ya hango ni daga tsallaken titi ya ɗaga mini babban yatsa yana murmushi.

Na kira Auta. Da Turancinsa na Birmingham ya amsa, cikin fara'a, har yana mini godiya. Na wanke shi tas, ban rage komai ba. Na ce, kai da kakanka ko takalmi bai mallaka ba sai da ya girma, kai ne za ka tsaya a ƙofa ka ce a rufe? Ya ce, "Yaya, calm down, it's just a formality." Wai cika ƙa'ida ce kawai. Ya ce sauran jam'iyyun ya yi shekaru yana raba musu takarda a ruwan sama ba su taɓa ba shi takara ba, waɗannan kuwa cikin wata biyu suka ba shi. Ya ce ya rasa mai sa masa hannu a unguwarmu ne, sai Dad ya ce a bar masa. "Na ɗauka ya yi miki bayani," in ji shi.

Daga nan ne na fara kare Baba a zuciyata, kuma na kare shi da ƙarfina duka. Na ce tsoho ne, idonsa da yana, ba ya ganin ƙananan rubutu. Na ce Auta ne ya ninke takardar ya ba shi, ya yi masa daɗin baki. Na ce ai takarda dole a ninke ta kafin ta shiga ambulan. Yatsan fa? Na ce hannun tsofaffi rawa yake yi, dafa ta ya yi kada ta zame. Zagin mutane zan iya ɗauka, sunana kuma wata rana a manta. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a ce Baba ya sani. In ya sani, to uban da na yi shekara ashirin da biyar ina tinƙaho da shi fa?

Kusan mako biyu na yi ina wannan shari'ar ni kaɗai, ina ramewa. Ban kira shi ba, shi ma bai kira ni ba, shi da ba ya haɗa kwana bakwai bai ji muryata ba. Wannan shirun ma na sama masa uzuri. Maigidana ya gaji ya ce, "Ki je ki tambaye shi. Ko ki sami ubanki, ko ki san kin rasa. Wannan zaman tsakiyar kashe ki zai yi."

Na ɗauki hutun kwana ɗaya na hau jirgin safe. Da na sauka Birmingham sai da na biya Sparkhill na sayo wa Hajiya daddawa da busasshen kifi a shagon da take so, don ko da wace fuska zan shiga gidan nan, ba zan shiga hannu rabbana ba. Ina cikin bas ina jin haushin kaina, amma ledar tana cinyata.

Hajiya ce ta buɗe ƙofa. Ta rungume ni, ta riƙe ni fiye da yadda ta saba. Ta karɓi ledar ta shige kicin ta ja ƙofa. Baba yana falo a kujerarsa, jarida a hannu. Jaridar Turanci mai ƙananan rubutu, yana karantawa ba ko tabarau. Uzurina na farko ya faɗi tun ban zauna ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya gida, ya yara, ya maigidan, ya aiki, ya sanyi. Muka bi gaisuwar har ƙarshenta, babu wanda ya tsallake ko ɗaya. Tun daga Manchester nake shirya yadda zan fara, amma ba a koya mini yadda ake tuhumar uba ba.

"Baba," na ce, kaina a ƙasa, "takardar nan ta Auta ta jawo mini magana."

"Na ji," in ji shi. "Magana ai iska ce. Bayan zaɓe kowa zai manta."

Ya ninke jaridar ya ajiye, ya gyara zama, ya fara. Ya ce shekara hamsin yake a ƙasar nan. Ya ce lokacin da ya zo, a bas ana tashi daga kusa da shi, ya haƙura, ya yi aiki, ya biya haraji, bai taɓa karɓar ko kwabon gwamnati ba. Ya ce jam'iyyar da ya yi wa biyayya duk tsawon nan ta mayar da su kamar akuyar gida, sai ranar zaɓe ake tunawa da su. Ya ce yanzu wata uku yake jiran a duba masa gwiwa. Ya ce masu shigowa yanzu ba irinsu ba ne, sun zo sun ɓata wa kowa suna.

"Mutanen nan za su hau, ko mun so ko mun ƙi," in ji shi. "Ni na ga abin da ba ki gani ba. In ruwa zai ci gari, gara a ce naka yana cikin kwalekwale. Ranar da za su zauna su yanke hukunci a kanmu, ba gara Auta yana ɗakin ba?"

Na ce, "Baba, maƙwabciyata da nake gaya maka, mai 'yan biyu, ita tana cikin waɗanda ba irinku ba?"

Ya kaɗa hannu. "Allah zai duba ta."

Da siyasa ce kawai, da na saurare shi na tashi. Tsoho yana da ikon ya sauya ra'ayi, yana da ikon ya so ɗansa ya zama wani abu. Ba wannan ya kawo ni ba. Na ɗago kai na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tunda na san shi.

"Wa ya ninke takardar?"

Bai kawar da kai ba. "Ni."

"Ka san da na ga sunan jam'iyyar ba zan sa hannu ba?"

"Na sani. Shi ya sa ban wahalar da ke ba. Da na gaya miki, ko ki ƙi ni ki ji kunya, ko ki yarda ranki yana ɓaci. Na ɗauke miki nauyin ne."

Wai ya ɗauke mini nauyi. Yadda ya faɗe ta a natse, na tabbata har zuciyarsa yana ganin alheri ya yi mini. Saura tambaya ɗaya, wadda ta hana ni sukuni tun ranar da na ga jerin sunayen nan.

"Baba, 'yarka ta cikinka tana layi uku daga gidana. Ita ma tana da rajista a unguwar, mijinta ma haka. Yayar Auta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Me ya sa ba ka kai mata ba?"

Sai ya yi 'yar dariya, irin ta uban da ake ba shi labarin rashin jin 'yarsa yana jin daɗi a ɓoye.

"Wannan? Ai ita sai ta buɗe. Haihuwar ƙasar nan ce, ba ta san kunya ba. Ke kuwa na san gidan da kika fito. Na san tarbiyyar da aminina ya yi miki."

Yabo ne yake yi mini. Har yana gyaɗa kai.

Ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba. Tun daga Birmingham ya zauna ya auna mu biyu, ya ga wadda za ta kare kanta da wadda ba za ta iya ba. Tasa ya bar ta da sunanta fes. Ni da na ba shi girman da 'ya'yan cikinsa ba su taɓa ba shi ba, ni ya zaɓa, kuma da wannan girman ya kama ni. Ladabin da mahaifina ya yi shekaru yana dasa mini, amininsa ya san daidai inda yake, ya sa hannu ya ɗauka. An ce naka shi ke ba da kai. Na sha jin karin maganar nan, ban taɓa zaton a falon nan za a fassara mini ita ba.

Hajiya ta leƙo ta ce abinci ya sauka. Na ce mata jirgina ya kusa, alhali saura awa uku. Ta dubi mijinta, ta dube ni, ta koma ciki ba ta matsa ba.

Na miƙe na ɗauki jakata. Gwiwoyina da kansu suka sake kai ni ƙasa don yin sallama, ban iya hana su ba. Ya ɗaga hannu zai fara shi mini albarka kamar kullum.

Na ce, "Na bar ka lafiya, Alhaji."

Hannun ya tsaya a sama. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba, bakinsa ya motsa. Na ga lokacin da maganar ta isa inda na aike ta, na ga fuskarsa ta zube, ya koma tsoho ƙwarai a gabana. Na so in ji sanyi a raina, ban ji ba. Na fita na ja ƙofar a hankali, na tsaya a tashar bas ina kuka kamar ranar da aka gaya mini mahaifina ya rasu, sai dai wannan karon babu wanda zai zo mini gaisuwa.